Tagar da Baffa Bai Mayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sau nawa na faɗi wannan kalma a ranar ba, kuma har yanzu da nake rubutu zuciyata ba ta gama yarda da abin da hannuna yake rubutawa ba. Baffa ya rasu. Ƙanin mahaifinmu, wanda ya zame mana uba a garin Makka, ya tafi da hantsi, bai yi ko ciwon kai ba, da sukurudireba a hannunsa.

Da labari ya bazu cewa an yi rasuwa a gidan Baffa da ke Ka'akiyya, babu wanda ya tsaya tambayar wa ya rasu. Kowa ya yanke wa kansa cewa Gwaggo ce, yayarsa, wadda ƙafafu suka daɗe da daina ɗauka. Ni ma haka na yi. Ina kan keken ɗinki a ɗakina a Utaibiyya maigidana ya kira ni, ya ce in ajiye komai in shirya. Na ce Allah Ya jiƙan Gwaggo, ta huta. Ya ce ba ita ba ce. Na tuna na ci gaba da taka keken, allura tana gudu babu ƙyalle a ƙarƙashinta.

A gidan ma abin da na tarar ke nan. Wani tsohon abokinsa mai sayar da turare a Zahir ya shigo yana dogara sanda, yana tambayar ina Baffa yake ya yi masa gaisuwar yayarsa. Da aka gaya masa sai ya zauna a ƙasa wurin da yake tsaye, ya ƙi kujera, ya ƙi ruwa. Mai kantin kayan gini na bakin layi ya yi ta rantsuwa cewa jiya jiyan nan suka yi musu da shi a kan robar taga, kamar dai wanda aka yi musu da shi jiya ba ya mutuwa yau. Wata maƙwabciya kuwa ta leƙa ɗakin Gwaggo da niyyar yi wa gawa addu'a, sai ta gan ta zaune da carbi. Ta ja da baya tana salati.

Gwaggo ta ce, "Shigo, ni ce. Ba ni aka kira ba."

Na ce ɗakin Gwaggo, amma ba ɗaki ba ne. Mota ce, irin mai gado da murhu da bayan gida a ciki, wadda yaran nan haihuwar Makka suke kira karafan, Baffa kuma yake kira tafi-da-gidanka. Direba ne shi tun yana saurayi, ya yi jigilar alhazai har gashinsa ya yi fari, kuma a wata kasuwar tsofaffin motoci ya gan ta ya maƙale. Ta kai iyali Ɗa'if shan iska, ta kai su Madina ziyara, daga nan injinta ya fara tari. Ya shigar da ita farfajiyar gida, ya sa mata duwatsu a ƙarƙashin tayoyi, ya ce tana hutawa ne. Har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ta mutu ba. Duk Juma'a sai ya goge gilashin gaba kamar gobe za a kama hanya.

Kafin Gwaggo ta tare a ciki, motar nan masaukin baƙi ce. Duk wani ɗan garinmu da ya zo da bizar aiki bai samu ɗaki ba, a ciki ya fara kwana. Ni kaina da aka kawo ni amarya, kewar gida ta hana ni cin abinci, Baffa ne ya lura. Bai yi mini wa'azi ba. Ya aiko a ɗauko ni, ya buɗe mini motar, ya ajiye kwanon fura da rediyo mai kama tashar Hausa, ya ce in rufe ƙofa in yi kukana son raina, babu mai ji. Na yi, na sha furar, na fito da yamma ina jin yunwa.

Da aka rushe tsohuwar unguwarsu suka dawo Ka'akiyya, aka janyo motar tare da su, gidan da suka samu a sama yake, bene ne mai tsawo, gwiwoyin Gwaggo kuma sun riga sun gama aiki. An ɗauke ta a kujera sau ɗaya ta ce ba za a sake ba, ita ba buhun shinkafa ba ce. Sai Baffa ya jawo wuta zuwa motar, ya sa mata na'urar sanyaya ɗaki, ya gyara gadon baya. Gadon nan kuwa a ƙarƙashin taga yake, kuma tagar tana yoyo.

Sai an san yadda suka zo ƙasar nan za a gane abin da ya sa tsohuwa take kwana a mota alhali tana da ɗa mai gida a Jidda. Suna yara mahaifiyarsu ta taso da su daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina, aka bar mahaifina wurin kaka. A ƙafa, a bayan babbar mota, ana tsayawa ana noma ana ci gaba. Mahaifiyar ba ta iso ba. Ta rasu a bakin teku, suna jiran jirgin ruwa. Gwaggo ce ta goya Baffa ta shiga jirgin da shi. Tun daga ranar ta ɗora wa kanta abu guda: a Makka za ta cika. Ɗanta ya sha gaya mata cewa ko a Jidda aka rasu ana kawo mutum Harami a yi masa salla. Amsarta ba ta canzawa, cewa take ba gawarta take so a kawo ba, ita take so a tarar. Baffa bai taɓa yi mata alkawari da baki ba, a iya sanina. Abin da na sani shi ne mafi yawan darare a kujerar direba yake kwana, don ya ji in ta kira.

To, tagar. Allah Ya jiƙan Baffa, amma a kan tagar nan ya ba mu wahala. Mutum ne da ya bar gida yana yaro, ya tsufa a Makka, amma lokutan shekara na ƙasar Hausa ne a kansa. Da zarar ya lissafa cewa bazara ta kama a gida, sai ka gan shi ya fito da tsani da gwangwanaye, wai damina ta kusa, dole a yi gyara. A daidai lokacin Makka tana tafasa, ko kyanwa ba ta taka ƙasa, kuma babu ɗigon ruwa da za a gani sai sanyi ya shigo, in ma an gani. Duk abin da ya shafa wa tagar sai rana ta yi wata da watanni tana gasa shi, ya bushe, ya tsattsage. Ranar da hadari ya tashi daga bayan duwatsu, gyaran Baffa ya riga ya tsufa.

Kuma gyaran nasa irin na yaɓen soro ne. A ƙauye ba a kankare tsohon yaɓe, sabo ake ɗorawa a kai, shi ma haka. Maganarsa a kan komai ita ce a ƙara masa kaɗan. Shayi bai yi daɗi ba, a ƙara masa kaɗan. Yaro ya faɗi jarrabawa, a ƙara masa kaɗan, ban sani ba ko karatu yake nufi ko bulala. Taga ta yi yoyo, a ƙara mata. Ya ƙara kwalta, ya ƙara silikon fari, ya ƙara baƙi, har bakin tagar ya kumbura ya yi tudu, gilashin ma ya daina zugewa.

Maigidana aikin tagogin alminiyom yake yi a gine-gine, kuma tun zuwansa na farko ya ga matsalar. A ƙasan firam ɗin akwai 'yan ramuka da aka yi da gangan don ruwan da ya taru ya fita waje. Su Baffa ya fara toshewa. Ruwa ya rasa hanya, sai ya cika firam ya gangaro ciki. Amma ta yaya suruki zai dubi Baffan matarsa ya ce masa aikinka ne yake kawo yoyo? Shekara da shekaru yana riƙe masa tsani, yana miƙa masa gwangwani, yana cewa sannu da aiki Baffa, sai mun dawo gida ya yi ta huci. A ƙarshe ni ya aika. Na zagaya na zagaya na faɗa. Baffa ya kalle ni ta saman tabarau.

Ya ce, "'Yata, mutum mai hankali zai huda taga ya ce don ruwa ya yi? Ki gaida maigidan naki."

Babban ɗansa bai da wannan kunyar, shi haihuwar nan ne, Hausarsa ma sai ya jingina ta da Larabci take tsayawa. Shi gaba da gaba yake gaya masa a cire tagar gaba ɗaya a sa sabuwar roba, ko kuma a kai motar wurin masu fasa tsofaffin motoci kowa ya huta. Ranar da ya ambaci masu fasa motoci Baffa bai ci abincin gidan ba. Inna, matarsa, ita ce ta yi ta sulhu, ko da yake ita ma ba son motar take ba. Tsakaninta da Gwaggo kuwa gaisuwa ce da sako magana. Gwaggo tana kiranta 'yar Makka wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba, Inna kuma takan aiko abinci da yara, ba ta cika saukowa ba.

Sanyin bara aka yi ruwan da ya cika tituna. Da rana ne, Baffa ya tafi masallaci, ruwa ya tare shi a can. Kafin ya dawo ruwa ya gangaro ta tagar ya jiƙa katifa, ya jiƙa bargo, ya jiƙa Gwaggo, ita kuma ba ta iya matsawa. Ya tarar da ita tana karkarwa tana ja masa Allah Ya isa. Sanyin ya shiga ƙirjinta, sai da ta kwanta asibiti. A bakin ɗakin asibitin ɗanta ya tsayar da Baffa, cikin ladabi amma babu wasa, ya ce in ruwa ya sake taɓa ta ko sau ɗaya ne zai ɗauke ta zuwa Jidda, ko tana so ko ba ta so.  Na ga Baffa ya cire hularsa ya mayar.

Bazarar bana ta zo ta wuce bai fito da tsani ba. Muka yi ta mamaki, Inna har ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Sai da iska ta fara sanyi, aka fara ganin gajimare da yamma, ya kira maigidana a waya da kansa. Bai ce ka yi gaskiya ba, Baffa ba ya faɗin haka. Cewa ya yi yana neman wanda zai riƙe masa gilashi ranar Juma'a, kuma wace irin roba ce ake sa wa irin wannan taga. Maigidana ya ajiye waya yana murna kamar yaro. Amma sai da ya roƙi Baffa ya jira shi, kada ya taɓa komai.

Bai jira ba. Ranar Laraba da safe ya kwance sukurorin shi kaɗai, ya yanka tudun silikon da wuƙa, ya ciro tagar ɗungurungum ya jingine ta da taya. Gwaggo ce ta ba mu labarin sauran, don ita kaɗai ke wurin. Ta ce ya leƙo ta ramin yana haki yana dariya, ya ce mata yau ta samu iska kyauta. Ta ce masa ya rufe mata ɗaki kafin ƙudaje su cinye ta. Ya ce bari ya ɗan zauna. Ta ji ya ja gwangwanin fenti ya zauna a jikin motar, daidai ƙarƙashin ramin, inda ba ta ganinsa. Ta ci gaba da yi masa faɗa. Ta tuna masa taurin kansa tun yana goye, ta tuna masa ruwan bara, ta ce in ba zai iya ba ya bar wa yara. Da bai amsa ba ta ɗauka fushi ya yi, don haka yake yi, sai ta ƙara masa. Ta ce ta daɗe tana magana.

Inna ce ta sauko da shayinsa ta gan shi. Yana zaune, kansa a jingine da motar, idonsa a rufe.

Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Ba rasuwar kaɗai ba, kowa zai tafi. A'a, yadda aka yi tsohuwa tana magana da ƙaninta, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, ya tafi ba ta sani ba. Da ta gama ba mu labari ta dubi ramin ta ce ko sallama bai yi mata ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, mu ne muka yi.

Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Aka jera kujeru a layi aka kunna fitilu yadda ake yi a nan, maza suna karɓar gaisuwa, ana zagayawa da gahawa. Mata suka rabu biyu, wasu a sama wurin Inna, wasu a ƙasa sun cika motar har bakin ƙofa. Ramin tagar kuwa an toshe shi da kwali da tsohuwar darduma. Duk wadda ta shigo sai ta kalli kwalin ta kawar da kai. Ni kuma sama nake kallo, don gajimaren kullum ƙara duhu yake, kuma na ga ɗan Gwaggo shi ma yana kallo.

Washegarin da aka tashi zaman makoki ɗan Gwaggo ya zo da motarsa, an kwantar da kujerar baya an shimfiɗa bargo. Bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Maigidana ya roƙe shi ya ba su zuwa azahar. Maigidana da 'ya'yan Baffa biyu suka shimfiɗa tagar a kan tabarma suka hau kankara. Ban taɓa ganin aiki mai nauyin wannan ba. Suna cire silikon sai kwalta ta fito, suna cire kwalta sai ga yankin robar taya, a ƙarƙashinta kuma tsumma da aka cusa da bakin wuƙa. Babban ɗan, mai cewa a kai wa masu fasawa, shi ne ya fi kowa kankara, hawaye yana ɗiga a kan firam ɗin yana gogewa da hannun riga. Da suka iso 'yan ramukan nan maigidana ya miƙa masa guntuwar wayar ƙarfe ya ce shi ya buɗe su. Suka goge bakin ramin motar, suka manna sabuwar robar da Baffa ya saya da kansa, suka mayar da taga, suka ɗaure sukurori a hankali, gefe da gefe.

Aka ce a ɗauke Gwaggo daga gadon kafin a gwada da ruwa. Ta ƙi. Ta ce in zai zubo ya zubo a kanta kowa ya gani. Ƙaramin ɗan ya hau tsani da tiyo ya saki ruwa tun daga rufin, ya daɗe yana zubawa. Ina ciki, tafin hannuna a ƙasan firam. Muna jin ruwan yana bugun gilashi, muna ganinsa yana tsiyaya ta 'yan ramukan zuwa waje. Hannuna ya fito a bushe. Ɗan Gwaggo ya shigo ya shafa da kansa, ya shafa bango, ya shafa matashi.

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ya ummi, shubbak, tagar nan, ta gyaru, na gani. Amma wa zai ji ki in kin kira? Khali, ƙaninki, shi ne yake kwana a nan. Yanzu fa?"

Gaskiya ya faɗa. Mun yi ta fama da taga mun manta ba ita kaɗai ke riƙe da Gwaggo a Makka ba. Ni ina da yara ƙanana a Utaibiyya. 'Ya'yan Baffa suna fita aiki tun asuba. Na ga Gwaggo ta dubi kujerar direba, sannan ta fara naɗe carbinta a hannu, ta tambayi inda aka ajiye mata takalmi. Wallahi a lokacin na fi jin mutuwar Baffa fiye da ranar da aka fita da shi.

Sai muka ji ana jan abu a matakala. Inna ce, cikin kayan takaba, tana janye da katifa, ta hana kowa ya kama mata. Ta iso ƙofar motar tana numfashi sama sama. Ta ce ta aika an tambayo mata liman, ya ce farfajiya cikin gida ce, mota kuma ta mijinta ce, don haka a nan za ta yi takabarta. In ta gama kuma a sake tambayarta.

Ta dubi ɗan Gwaggo ta ce, "Khalas, shi ke nan, ya waladi. Je ka ɗaga kujerar motarka."

Ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa. Gwaggo ta daɗe tana duban matar da ta shekara arba'in tana kushe wa tuwo.  Sannan ta matsa jikin bango da ƙyar, ta buga gefen gadon da tafin hannu.

Ta ce, "Bar katifar nan, 'yar Makka, hawo nan. Amma ke za ki kwanta ta wajen tagar. Ni ban gama yarda da aikin yaran nan ba."

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo maKa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da mahaifiyar da ya bari a bakin teku. Ka ba mata biyun nan haƙurin juna da haƙurin rashinsa, Ka cika wa Gwaggo burinta a lokacin da Ka so. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.